Takardar Sunaye da Kuɗin Mota

Duk shekara, idan hatsi ya shiga rumbu sanyi ya fara busawa, jihohin Nijar takwas kowace takan fitar da sunaye goma. Su ne ƴan kokowar da za su je neman takobi, mutum 80 ke nan a fili ɗaya, a yi ta gwabzawa har a bar mutum guda a tsaye. A Afala, arewa da birnin Tawa, ba sai an yi shela ba. Rediyo na kunne a rumfar mai shayi, a bakin rijiya, a kan amalanken jaki. Yaron da ke kakarewa a lissafin bakwai sau takwas zai jero maka goman Tawa tiryan-tiryan, har da ƙauyen kowa da wanda ya kayar da shi bara.

Gado ne. A Tawa aka buɗe wannan gasa a 1975, zamanin Seyni Kunce, inda Kantu na Maradi ya tafi da takobin farko. Daga baya Adar, wato ƙasar Tawa, ta rama: Kadade, Haruna Abdu da Yahaya Kaka duk sun kawo takobi gida, kuma filin kokowar birnin yana ɗauke da sunan Hamidin Maidare. Ko Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a Disamban 2023, Adarawa sun san labarinsa ciki da bai, domin namu ma sun sha ƙasa a hannunsa.

Sunayen muke haddacewa. Yadda aka yi suka hau takardar, da wanda aka goge don a rubuta wani, da wanda ya ciyar da su kafin ranar, wannan ba mu cika tambaya ba. Alhali a nan ne ake bambanta ƙungiyar da ke raya ƴaƴan mutane da wadda ke tatse su ta yar.

Takobi ya yi mana nisa, mu sauko kan ƙaramin abin da kowa ya taɓa gani. Ƴan lakkol na wata kwalejin karkara za su je buga ƙwallo da na garin maƙwabta. Mushe, wato malaminsu, ya yago takarda daga tsakiyar littafin rubutu, ya ɗora ta a kan sirdin babur, yara sun yi masa zobe. Sunaye goma na farko ba su da gardama. A na sha ɗaya ne biro ke tsayawa. Ga wani ƙaramin yaro ɗan aji biyu, tun da aka dawo daga hutu bai taɓa fashin atisaye ba, shi ke ɗauko ƙwallo, shi ke zuba toka a shata layin fili. Ga kuma wani dogo, gemu ya fara tsiro masa, ya bar lakkol shekara biyu da suka wuce, kwanan nan ya dawo daga cin-rani.

“Mushe, in ba a sa shi ba, wallahi yau sai sun cika mana raga.”

Mushe ya dubi dogon, ya dubi ƙaramin, ya sunkuya ya rubuta sunan ƙaramin, saboda shi ne ke cikin rajistar makaranta. Sai ya miƙa wa dogon riga. Ƙaramin zai tafi tare da su, a bayan mota, riƙe da jarkar ruwa, sunansa kuma zai buga minti casa'in a jikin wani.

Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya ga an yi laifi, watakila ma a ci wasan a dawo da waƙa. Amma duk yaran da ke zoben nan sun ɗauki darasi a wannan yammacin, kuma ya fi na aji zama a kai: takarda daban, gaskiya daban. Wanda ke ganin wasan yara ne ya tuna 2009. A gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Aljeriya, ƙungiyar Nijar ta tsallake rukuninta, sai aka kore ta saboda an samu ɗan wasan da shekarunsa suka haura. Malawi ce ta maye gurbinta, ta tafi gasar duniya da aka yi a Najeriya a wannan shekara. Sai a 2017, a Indiya, Nijar ta taka wannan fage. Sauran yaran 2009 da shekarunsu ke daidai, wa ya biya su?

Kafin mota ta tashi akwai maganar kuɗinta. Hula ake zagayawa da ita. Wannan ya jefa dala ashirin, wancan dala arba'in, wani ya ce babansa bai dawo daga kasuwa ba. Wani mai shago ya ba da jaka biyar don Allah. Riguna kuwa wani ɗan siyasa ne ya saya a shekarar zaɓe, shi ya sa launinsu ya yi kama da tutar jam'iyyarsa. Direba ya ce mai ya yi tsada, aka yi ciniki, mushe ya cika da kuɗin aljihunsa. Ba a rubuta ko dala ba. Bayan kwana uku sai ka ji a majalisa ana cewa ai mushe ya ci kuɗin yara. Kuɗin da ba a rubuta ba, mai gaskiya yake fara ci, domin shi ne ba shi da abin da zai nuna, ɓarawo kuwa dama duhun yake so. Matan da ke adashe a cikin gidajenmu sun fi mu tsari a nan: uwar adashe ta san wadda ta zuba, ta san wadda ta ɗauka, ta san mai bi mata, kuma duk wadda ta tambaya za a faɗa mata a gaban kowa.

Matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. Dubi manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na ƙasar nan: ta soja, ta jandarma, ta ƴan sanda, ta kwastan, ta kamfanin wuta. Mafi yawan masu ɗorewa suna da wata hukuma a bayansu mai biyan albashi duk wata. Ƙungiyar da ta dogara da aljihun attajiri ɗaya takan rayu ne gwargwadon nishaɗinsa.

Akwai wasu mutane da suka ɗauki irin waɗannan tambayoyi suka mai da su doka, kuma ya kamata mu leƙa mu gani. A Amurka ana wani wasa da ake kira besbol. Mutum tara-tara ne. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, abokin hamayya ya maka mata kulki, ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin a maido ta. Ba mu yin sa, ba kuma cewa nake mu fara ba. Abin da ya ja hankalina shi ne jami'o'insu, kusan 300 a rukunin farko, kowace da ƙungiyarta ta ɗalibai, takwas da suka fi kowa su haɗu a birnin Omaha na jihar Nebraska duk watan Yuni, kamar yadda ake yi tun 1950.

Shekaru da dama, dokar hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta ce ƙungiyar besbol ba ta da izinin ba da tallafin karatu fiye da na mutum 11.7. Ba mutum ake yankawa ba, kuɗin ake yankawa. Jerin ƴan wasa ya tsaya a 35, waɗanda za su samu rabo ba su wuce 27 ba, kuma duk wanda aka ba, ba a ba shi ƙasa da rubu'in kuɗin karatunsa. Wato mai horarwa sai ya zauna da alƙalami ya raba, wannan rabi, wancan rubu'i, sauran iyayensu su biya ko su ci bashi. A 2025 aka sauya tsarin bayan wani sulhu a kotu: jami'o'in da suka shiga sulhun ba za su wuce mutum 34 a jeri ba, amma suna iya biya wa kowa karatu in suna da hali. Ko masu horarwar ma ƙidayayyu ne. Har zuwa 2023, babban mai horarwa da mataimaka biyu ne kawai ke da albashi, na huɗunsu aikin sa-kai yake yi. Ashe mushen da ke tsayuwa a rana ba a ƙara masa ko dala yana da ƴan uwa har a can.

Game da kuɗi kuwa, tun 1994 akwai dokar da ta tilasta wa duk jami'ar da ke karɓar tallafin ɗalibai daga gwamnatin tarayya, kuma maza da mata ke karatu a cikinta, ta bayyana duk shekara yawan ƴan wasanta, yawan masu horarwa da abin da ake biyansu, abin da ya shigo da abin da aka kashe. Ma'aikatar ilimi ta zuba shi a intanet, kowa ya duba. Asalin dokar don a gano ko ana tauye ƴan mata ne wajen rabon kuɗin wasanni. (Mu da takardarmu ba ta da sunan mace ko ɗaya, ba mu ma kai ga wannan gardamar ba.) Daga waɗannan alƙaluma kowa ya san cewa mafi yawan ƙungiyoyin besbol na jami'a ba riba suke kawowa ba, ɗaukar nauyinsu ake yi. Makaranta ta san haka, iyaye sun sani, an kuma yarda a ci gaba. Asarar da aka sani aka amince da ita ba ta haddasa gulma.

Wanda ya fi burge ni shi ne awon karatu, da suka kafa a 2004. Kowane ɗan wasa mai tallafi yana kawo wa ƙungiyarsa maki biyu a zangon karatu: ɗaya idan sakamakonsa ya kai yadda doka ta yarda ya yi wasa, ɗaya idan bai bar makaranta ba. A tara, a auna bisa 1000. Ƙungiyar da matsakaicinta na shekara huɗu ya gaza 930 tana iya rasa damar shiga gasar ƙarshen shekara, komai iyawarta a fili. Ba barazana ce ta baki ba. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Konetikat ta ci kofin ƙasa a 2011, a 2013 aka hana ta shiga gasar saboda karatun ƴan wasanta ya yi ƙasa. Besbol ma da farko makinsa bai yi kyau ba, har aka tsaurara masa dokoki a 2008. Hikimar ita ce an ɗaure wuyan mai horarwa da littafin yaro. In yaro ya faɗi jarrabawa, ba shi kaɗai ya faɗi ba.

Kada a ɗauka tsoron Allah ne ya kai su ga wannan. Kuɗi ne suka yi yawa a wasan, cuta ta yi yawa, dole ta sa aka kafa awo. Kuma an cuci awon shi ma. A 2014 wani bincike ya fallasa cewa a Jami'ar Karolina ta Arewa an shafe shekara 18 ana rubuta ɗalibai sama da 3,000, kusan rabinsu ƴan wasa, a wasu darussan da ba a shiga aji, a miƙa takarda ɗaya a samu maki mai kyau. Su ma suna da nasu dogon mai gemu. Bambancin kawai, da yake akwai abin da aka rubuta, an samu abin da za a bi a kama ƙaryar.

Abin da ya sa ban ɗauki wannan labarin nesa ba shi ne, irin wannan tsari ya riga ya yi saiwa a ƙasarmu, kuma daga nan jihar Tawa ya tashi. A 2004 aka fara wani shiri tare da hukumar JICA ta Japan, mai suna makaranta don kowa, domin raya kwamitocin kula da makarantu da muke kira COGES. Abubuwan da aka kawo ba su da wuya: a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri maimakon a bar wa mai gari ya nuna, a tara jama'a a tsara abin da za a yi wa makaranta a shekara, a dawo a faɗa musu abin da aka tara da abin da aka kashe. Da aka ga ya yi aiki, a 2007 aka yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Da wannan hanya ƙauyuka suka yi ta kafa azuzuwan zana, suna gyara tebura, suna bin gida-gida a sa yara lakkol. Mutanen da suka iya zama a ƙarƙashin bishiya su bi lissafin karan da aka saya da igiya, ba za su kasa bin lissafin ƙwallo biyu da kuɗin mota ba. Kawai ba a taɓa ɗaukar wasa a matsayin abin da ya isa a kawo shi gaban taro ba.

Ta fuskar horo, akwai makarantar INJS a Yamai da ke fitar da malaman motsa jiki, amma kwalejin ƙauye ba kullum take samun nata ba. Sau da yawa malamin lissafi ne ko na tarihi mai sha'awar ƙwallo ke riƙe da usur. A kokowa kuwa tsofaffin ƴan kokowa ne makaranta, su ke nuna wa yaro inda zai sa ƙafa da yadda zai karɓi nauyin abokin karawa. Sai dai kowa ya san inda kaso mai tsoka na kuɗin ɗan kokowa ke tafiya: layu, guraye, rubutun sha, turare, da sadakar malamai. Ba na musun addu'a. Amma zan so a ce tsohon da ya koya wa yaro yadda ake faɗuwa ba a karye ba yana samun ko rabin abin da mai ɗaura masa guru ke samu.

Sai babbar maganar, wadda ta fi zafi a Adar. Jerin sunayen da aka rubuta a Oktoba, in ka sake duba shi a Janairu ya zube. An gama girbi, samari sun ɗaure jaka: Abijan, Libiya, Aljeriya, Najeriya. Mai tsaron gida ya tafi, ɗan gaba ya tafi, kuma ba filin ƙwallo kaɗai suka bari ba, har da bencin aji. Ba wanda zai zargi gidan da rumbunsa bai cika ba don ya saki ɗansa ya je nema. Amma akwai yaran da ke tsakiya, waɗanda gidansu zai iya haƙuri da su, su ne zuciyarsu ke rawa. Irin waɗannan, sau da yawa ƙwallo ce igiyar ƙarshe da ke riƙe su a makaranta. Yaro zai jure darasin da ba ya ganewa tun safe saboda ya san da la'asar akwai atisaye. Idan aka ce riga sai mai zuwa aji, sai wanda matsakaicin makinsa ya kai 10 cikin 20, ko wanda ake ganin yana hawa ko da bai kai ba, an ba shi dalilin buɗe littafi. Idan kuwa ya ga wanda ya bar lakkol shi ke sa riga, shi kuma yana riƙon jarka, an gaya masa a fakaice cewa hanyar tasha ta fi.

Wata uwa ta fi ni iya faɗar wannan. Irin matan nan ne da ba su taɓa zama a aji ba, amma ba a yi musu wayo. Ta tare malamin ɗanta a bakin kasuwa, bayan gaisuwa ta ce:

“Mushe, ana ta gaya mini yaron nan ya iya ƙwallo. To na ji. Karatun fa, ya iya?”

“Inna, da sauƙi dai.”

“Da sauƙi ciwo ake ce wa. Ka faɗa mini gaskiya, in ba ya yi, in san abin da zan gaya wa ubansa.”

Wannan ita ce tambayar da Amurkawa suka kashe kuɗi da shekaru suna gina mata ma'auni, ita kuwa ta yi ta a tsaye da kwando a ka.

Cikin mutum 80 da ke shiga fili, ɗaya ne ke fita da takobi. Shi za a ba miliyoyi, a yi masa rakiya har gida, ƴan kasuwa da ƴan siyasa su yi ta yi masa kyauta. Sauran 79 za su koma gona da cin-rani, wasu da gwiwar da ba za ta sake daidaita ba. A ƙasan waɗannan akwai ɗaruruwan da aka tankaɗe tun daga matakin gunduma, ba a ma ji sunansu a rediyo ba. Haka abin yake a besbol ɗin can: kaɗan ne ƙwarai daga ƴan wasan jami'a ke kai wa babbar gasar ƙwararru, shi ya sa takardar digiri ita ce ainihin ladan mafi yawansu. Ƙarfin ɗan wasa shekaru kaɗan ne. Yau ɗan Afala da ya ci jarrabawar BEPC ya ci ta BAC ba sai ya tafi Yamai ba, tun 2010 akwai jami'a a Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Tazarar da ke tsakanin filin ƙwallon kwalejin ƙauye da ƙofar wannan jami'a ba ta kilomita ba ce, ƴan shekaru ne na zama a benci, kuma a cikin shekarun nan ne muke asarar yaran.

Na san abin da za a ce: makarantar da ba ta da isassun tebura, wa ke ta ƙungiyar ƙwallo? Amma abin da ake nema a nan ba ya cin kuɗi. Littafin rubutu ɗaya ne na dala arba'in ko hamsin. Shafi ɗaya sunayen yara da ajin kowa, a gwada da rajista. Shafi ɗaya abin da ya shigo, da sunan wanda ya bayar, har ɗan siyasar da rigunansa. Shafi ɗaya abin da aka kashe. Shafi ɗaya makin kowane yaro a ƙarshen zango, da sunan duk wanda ya daina zuwa, da inda ya nufa. Zai kare mushe daga bakin majalisa, ya kuma ba shi abin da zai fake da shi ranar da yara suka matsa masa a kan dogon: ba ni na hana ba, littafi ne.

Don haka iyaye, musamman ku da ke cikin kwamitin makaranta a Afala da Barmu da Takanamat da sauran garuruwan arewacin Adar, idan an kira babban taro na gaba, bayan an gama maganar zana da alli, wani ya ɗaga hannu ya ce a kawo takardar ƴan ƙwallo. A karanta sunayen da ƙarfi, kowane yaro ya miƙe a gan shi.